SANƘARAU YA WUCE, YARO BA YA JI: MENE NE ABIN YI?

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, na ƙasar Gumel. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba. Wanda ya karanta, ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa.

Masu girma dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, da 'yan uwana ɗalibai, barkanku da zuwa. Na san wasu daga Maigatari suka taso, wasu daga Gagarawa, wasu daga Sule Tankarkar, ga kuma mutanen cikin garin Gumel. Sannunku da hanya.

Maganata ta yau a kan yaron da ya kwanta ciwo ce, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma ya tashi ba ya ji. Kusan kowane ƙauye akwai irinsa. Ana kiransa ba ya waiwayowa. Ana aikensa ba ya zuwa. Wasu su ce taurin kai ne, wasu su ce iska ce. Sau da yawa kuwa, sanƙarau ne ya bi ta kansa ya tafi da jinsa. Zan yi bayanin yadda hakan ke faruwa, da yadda za mu tare shi, da kuma yadda za mu riƙe yaron da abin ya riga ya shafa.

ABIN DA YA SAME MU

Manya daga cikinmu ba su manta da shekarar 1996 ba. A wannan shekara sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a nan Arewa.

Na shekarar 2022 zuwa 2023 kuwa a ƙofar gidanmu ya sauka. A ƙarshen shekarar 2022 ciwon ya ɓulla a jihar Damagaram ta Nijar, ya fi tsanani a wajen Dungas. Kun san tsakaninmu da su ba nisa. Kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis tare muke cinta, ga auratayya, ga zumunci. Ciwo kuwa bai san kan iyaka ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lissafi cewa daga watan Oktoba na 2022 zuwa tsakiyar Afrilu na 2023, an sami mutum 1,686 da ake zaton sanƙarau ne ya kama su a Nijeriya, 124 suka rasu. A cikin kowane mutum huɗu da suka kamu, kusan uku 'yan Jihar Jigawa ne. A cikin Jigawa kuma, Maigatari da Sule Tankarkar su ne suka fi jin jiki.

An ƙirga waɗanda suka rasu. Allah ya jiƙansu. To amma akwai waɗanda suka tashi, suna nan cikin gidajenmu. Masana sun ce a cikin mutum biyar da suka warke daga wannan ciwo, ɗaya yakan tashi da wata larura. Wani kurumta, wani farfaɗiya, wani raunin hannu ko ƙafa, wani kuma wahalar riƙe karatu. Kurumta tana cikin waɗanda suka fi yawa.

YADDA CIWON KE SHIGA

Ƙwayar cuta ce ke kawo sanƙarau. Ido ba ya ganinta. Tana zama a hanci da maƙogwaro, tana bi ta tari da atishawa daga wani zuwa wani. Mutum yana iya ɗauke da ita yana yawonsa lafiya lau, ya ba wani.

Lokacinta shi ne daga hunturu zuwa bazara. Ƙura da busasshiyar iska suna farfasa cikin hanci, sai ƙwayar ta sami ƙofa ta shiga jini. Daga jini sai ta haura zuwa wata 'yar fata da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, ta kumbura ta. Can cikin kunne akwai wani ɗan gurbi mai kama da dodon koɗi, shi ne ke karɓar sauti ya miƙa wa ƙwaƙwalwa. Yana dab da inda kumburin yake. Idan ciwon ya kai gare shi, sai ya lalata shi. Daga waje kunne lafiya lau, ɓarnar tana ciki.

Cunkoso yana taimakon ciwon. Ɗaki ɗaya, mutum goma, ƙofa da taga a toshe. Saboda haka a riƙa buɗe taga, a rage yawan masu kwana wuri ɗaya. Wannan magana ta shafi malaman makarantun allo ƙwarai.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

Ga babban yaro: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sanƙare, ba ya son haske, ko ya riƙa sambatu.

Ga jariri kuwa, iyaye mata ku saurara da kyau. Sau da yawa wuyan jariri ba ya sanƙarewa. Abin da za ki gani shi ne ya ƙi kama nono, yana kuka mai ƙara ba ya rarrasuwa, ko jikinsa ya saki yana ta barci, ko maɗigarsa ta kumbura, ko ya riƙa jijjiga.

Idan an ga haka, sai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya. Kada a ce bari gari ya waye. Kada a ce bari maigida ya dawo daga kasuwa. Ina roƙon magidanta, tun yau kowa ya ba iyalinsa izini: in yaro ya yi irin wannan ciwo ba na nan, ku tafi da shi, ku aiko mini.

Kada a tsaya tsaga ko turare. A yi addu'a ana tafiya a hanya. Akwai allurar da ke kashe ƙwayar, kuma gwargwadon saurin farawa, gwargwadon tsirar rai da kunne. A fara da asibitin da ya fi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Babban Asibitin Gumel.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ƙwayar sanƙarau iri-iri ce, an ba kowace harafi. Mai harafin A ita ce ta yi ɓarnar 1996. A shekarar 2011 aka fara yi wa jama'a allurar rigakafinta a Nijeriya, tun daga nan kuma ta kwanta. Wadda ta zo mana a 2023 mai harafin C ce. A watan Maris na 2024, Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar a lokaci ɗaya, kuma Jigawa tana cikin jihohin da aka fara da su.

Na san akwai masu tsoron allura, kuma tsoron yana da asali. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara marasa lafiya a Kano. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Aka yi ta shari'a, har a 2009 kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan ya faru. Amma ku lura, wancan sabon magani ne da ake gwaji. Allurar rigakafi kuwa an yi wa miliyoyin mutane ita, daga Senegal har Habasha, an kuma ga amfaninta. Kuna da haƙƙin yin tambaya. Yanzu da kuka iya karatu, ku karɓi katin yaro ku duba abin da aka rubuta da ranar komawa.

Ƙyanda ma tana kurumtar da yara. Allurarta sau biyu ce, a wata 9 da kuma wata 15. Haka nan shawara mai tsanani ga jariri sabon haihuwa, da kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya. Kada a zura gashin kaza ko tsinken ashana a kunnen yaro, kada a ɗiga masa abin da likita bai ce ba. Wasu allurai masu ƙarfi, irin su jentamaisin, suna taɓa ji idan aka yi su barkatai. Saboda haka a daina kai yaro kemis ana cewa a yi masa allura kawai.

YADDA ZA A GANE YARO BA YA JI

Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau, a nemi a auna jinsa kafin a sallame shi, ko cikin mako huɗu da sallama. Kada a bari sai an shekara.

A gida ma akwai abin lura. Jariri ɗan wata uku yakan firgita in an buga abu da ƙarfi. Ɗan wata shida yakan juyo wajen muryar uwarsa. Ɗan shekara ɗaya yakan san sunansa, yana gwalan-gwalan ɗin magana. Ɗan shekara biyu yakan haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Inna zo".

Ga gwaji mai sauƙi. Uwa ta zaunar da yaro a cinyarta, wani ya ɗauke masa hankali ta gaba. Wani kuma ya laɓaɓo ta baya, ya ƙwanƙwasa kwano da cokali ta gefen dama, sannan ta gefen hagu. A kula kada yaron ya ga inuwar mutum, kada kuma a buga ƙafa a ƙasa, domin kurma yana jin motsin ƙasa a jikinsa. A maimaita kwana biyu ko uku. In ba ya juyowa, a kai shi asibiti.

Masu duba kunne suna nan a asibitin Rasheed Shekoni na Dutse, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano. A Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa baki ɗaya. Wani yaron yana da sauran ji, ana iya sa masa 'yar na'urar da ake maƙalawa a kunne ta ƙara masa sauti. Sai an auna ake ba da ita, ba a saye a kasuwa. Wani kuma jin ya tafi ke nan. Gara a san gaskiya da wuri, da a sayar da akuya da tunkiya ana yawon neman magani wurin masu alkawarin ƙarya.

HARSHENSA LAFIYA LAU

Idan yaro ya yi jinkirin magana, wasu sukan kai shi wurin wanzami a yanke masa linzami. Jama'a, yawancin waɗanda muke kira bebaye, harshensu ba abin da ya same shi. Yaro da kunne yake koyon magana. Abin da bai ji ba, ba zai iya faɗa ba. Yankan wanzami ba ya buɗe kunne, sai dai ya jawo zubar jini ko wata cutar.

Haka kuma kurma ba wawa ba ne. Hankalinsa daidai yake da na sauran yara. Ƙofa ɗaya ce ta rufe, wato kunne. Ƙofar ido a buɗe take, ta nan za mu shigar masa da ilmi.

Mu Hausawa muna da maganar hannu tun kaka da kakanni. A Kano har sarautar Sarkin Bebaye akwai. Wata Bajamushiya mai suna Constanze Schmaling ta zauna da kurame a Kano tana koyon maganarsu, ta wallafa littafi a shekarar 2000 mai suna Maganar Hannu. Ta nuna cewa harshe ne cikakke, ana ciniki da shi, ana ba da labari, ana raha. In baƙuwa ta taso daga Jamus ta koya, ina dalilin da zai hana uba koya domin ɗansa?

Ku nemi babban kurma a garinku ko a kasuwa, ku kai masa yaron, ku ma ku zauna ku koya. Kowace rana alama biyu ko uku: ruwa, tuwo, zo, tafi, zafi, ciwo. Kowa a gida ya koya, har kaka da ƙanne. Kada a jira sai ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ZAMA DA SHI A GIDA

Na farko, kafin ki yi masa magana, ki taɓa kafaɗarsa ya dube ki. Ki fuskance shi, haske yana kan fuskarki. Ki yi magana a hankali, kina haɗawa da hannu. Ihu ba ya ƙara komai.

Na biyu, yaron da ya riga ya iya magana kafin ciwon, a ci gaba da hira da shi, a riƙa sa shi yana amsawa da baki. In aka yi shiru da shi, maganar da ya iya ma sai ta zube.

Na uku, a daina dukansa a kan bai amsa kira ba. Ku tuna jiya-jiya yana jin muryar uwarsa, yau ya farka duniya ta yi tsit. Dole ya yi fushi, dole ya yi kuka. Rarrashi yake bukata.

Na huɗu, a kira shi da sunansa na yanka. Kada "Kurma" ko "Bebe" ya zama sunansa. Yadda 'yan gida suka ɗauke shi, haka 'yan unguwa za su ɗauke shi.

Na biyar, a kula da hanya. Ba ya jin odar mota ko ƙarar babur. A koya masa duba dama da hagu, ya riƙa tafiya ta gefen da zai ga abin hawa yana tahowa.

Na shida, a tsare 'ya mace. Mugun mutum yakan nemi yarinyar da yake ganin ba za ta iya ba da labari ba. Kada a ɗora mata talla ita kaɗai. Uwa ta koya mata alamar "a'a", da alamar "wani ya taɓa ni", ta kuma yarda da ita in ta faɗa.

Wanda ciwon ya bar wa farfaɗiya kuwa, ku sani ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. In ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai. Akwai ƙwayar da ake sha kullum, ba a dainawa sai likita ya ce. Kada a bar shi shi kaɗai a bakin murhu, ko rijiya, ko kududdufi.

KU NE MALAMANSA NA FARKO

'Yan uwana ɗalibai, a nan karatunku zai yi rana. Kun zauna kun koyi baƙi da wasali da girmanku. To ga inda za ku fara biyan bashin.

Ɗauki gawayi ka rubuta "ƙofa" a jikin ƙofa. Rubuta "tulu" a jikin tulu, "rumbu" a jikin rumbu. Nuna masa abin, nuna masa alamar hannu, sannan nuna masa rubutun. Ka zana a ƙasa, shi ma ya zana. Rubuta sunansa, ka nuna ƙirjinsa. Ran da ya gane cewa kowane abu yana da suna a rubuce, an gama mai wuyar. Kurman da ya iya rubutu zai yi magana da likita, da alƙali, da ɗan kasuwa. A wannan zamani har saƙo zai tura ta waya.

A Amurka an yi wata mata, Helen Keller, wadda aka haifa a 1880. Tana da wata 19 zazzaɓi ya tafi da jinta da ganinta gaba ɗaya. Malamarta ta riƙa rubuta mata haruffa a tafin hannu, tana zuba mata ruwa tana rubuta sunan ruwa, har ta gane. A 1904 ta sami digiri a jami'a. Ita ƙofa biyu ce ta rufe mata. Namu yaran suna gani.

Bayan karatun gida sai makaranta. Gwamnatin Jigawa tana da makarantar kurame a Haɗejiya. A Kano akwai ta Tudun Maliki. Ku je ofishin ilmi na ƙaramar hukumarku ku tambayi yadda ake shiga. Mai sauran ji kuma yana iya zama a firamaren garinku. A gaya wa malami ya zaunar da shi a layin gaba, ya riƙa fuskantarsa in yana magana. Sana'a ma haka: noma, kiwo, ɗinki, kafinta, saƙa, gyaran babur. Wanne ne a ciki ake yi da kunne?

BARA BA GADONSA BA NE

Wasu iyaye da sun ga yaro ya nakasa sai su miƙa masa ƙoƙo. Wannan kashe masa zuciya ne. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Dokar ta hana a yi amfani da mai nakasa wajen bara, ta kuma ba shi haƙƙin karatu kyauta har sakandare. A nan Jigawa, tun a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba wasu masu nakasa naira 7,000 a wata domin su bar bara. Ku tambayi ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma abin da ake ciki yanzu, ku sa a rubuta sunan yaronku.

GA MAGIDANTA

Zan rufe da ku, maza 'yan uwana. Nauyin irin wannan yaro yakan faɗa kan uwa ita kaɗai. Ita ce jinya, ita ce rarrashi, wani lokaci kuma ita ce shan gori wurin dangin miji ko abokiyar zama. Ana cewa daga danginsu ne, ko sakacinta ne. Ƙwayar cuta ce, kun dai ji yadda take shiga. Ba laifin uwa ba ne.

Ɗanka ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka tafi da shi gona, ka tafi da shi kasuwa, ka zaunar da shi kusa da kai a wurin suna da ɗaurin aure. In baƙi sun zo, kada a tura shi ƙuryar ɗaki. Ranar awo a asibiti, kai ma ka je.

Masu unguwanni da malaman azuzuwa, ga aikinku. Kowa ya rubuta sunayen yaran unguwarsa da suka yi sanƙarau ko ƙyanda suka tashi ba sa ji sosai, da shekarunsu. A kai takardar ga jami'in lafiya da jami'in ilmi na ƙaramar hukuma. In iyayen irin waɗannan yara sun kai uku ko huɗu a gari, su riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a mako suna koyon maganar hannu tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin hunturu ya shigo, kowa ya duba katin allurar 'ya'yansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya.